Kanari da Bodari a Majalisar Limawa

Kanari da bodari ba su haɗa kaka ba. Shi kanari daga ƙwai yake fitowa, bayan uwar ta kwanta a kai kamar sati 2. Ba shi da haƙori ko ɗaya, ƙundu ke niƙa masa gero. Bodari kuwa haihuwarsa ake yi, ya sha nono, ya yi fiƙa, ya shiga farautar ɓera da ƙwari cikin dare. Amma duk wanda ya zauna a majalisun Limawa a Dutse bayan la'asar ya san dukansu biyun suna sa hula.

Ga Malam Kanari. A kanarin tsuntsu namijin ne gwanin waƙa, a nan ma haka. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 irinsa suka yawaita, don keji ya ƙaru, masu zuba gero ma sun ƙaru. Da sassafe yana ƙofar gidan mai kujera: "Ranka ya daɗe, ko dabinon Dutse bai kai maganarka zaƙi ba!" Muryar kanari can ƙasan maƙogwaro take fitowa, inda hanyar numfashi ta rabu biyu, shi ya sa na majalisa yake iya yabon jam'iyya biyu a numfashi ɗaya. Kada ka tsorata da shi, ba ya cizo. Ƙashinsa ma holoƙo ne, da geron ya ƙare sai fir!

Akwai ƙaninsa, Mai Kwanci. Ya yi shekara 7 a kan maganar buɗe shago, har yau ba ƙyanƙyasa.

Alhaji Bodari shi ne abin tsoro. Rana ba ta ganinsa. Baƙi da ratsin fari, tsaf-tsaf, ba hayaniya. Sai an idar da isha'i ya ɓullo, ya zauna a gefen tabarma, ya saki kalma ɗaya tak a kan auren da ake shirin ɗaurawa, ya kaɗe riga ya tafi. Warin nan sai ya kwana 40 a unguwa, omo ba ya fitar da shi. Kuma kamar ɗan'uwansa na daji, in an ritsa shi sai ya yi mutuwar ƙarya. Tambayi mai shayin da ke binsa bashi.

Ni dai in dole ne, a haɗa ni maƙwabtaka da Kanari. Kwanon gero ya ishe shi.