Jinjina ga Gwarzon da Ya Fara daga Sama

Allah ya ja zamanin sabon mai hoto, sadaukin da bai taɓa ɗaukar ko akuya a ɗaure ba, amma ya rantse hannunsa ya fi ƙarfin ƙaramar kyamara. Namijin duniya, wanda ya sayar da babur, ya kwashi adashin gyatuma, ya cika da rancen aboki, ya rungumo Canon EOS R5. Mai rataye da arzikin gida a wuya, takawarka lafiya.

Ku dubi faɗin hannunsa. Kyamarar nan da ta fito a 2020 megafiksel 45 gare ta, tana kuma ɗaukar bidiyon 8K, shi kuwa duk aikinsa a WhatsApp da Instagram zai ƙare, inda ake matse hoto, a Instagram ma har faɗinsa ya dawo wajen fiksel 1080. Karamcin manya ke nan, a biya kuɗin buhu a ɗebi gwangwani guda.

Masu ƙaramar zuciya sun yi ta ja masa riga. Wai ya nemi ta hannu, ko Nikon D3500 ta 2018, ko Canon 2000D, ko Sony a6000 ta 2014, tunda kowacce megafiksel 24 ce, sun isa a wanke hoton ango da amarya a kafa a falo. Wai ya bincika sau nawa aka harba ta kafin ta zo hannunsa, ya haska tocila cikin gilashin ko akwai fumfuna, ragowar kuɗin kuma ya sayi gilashin 50mm f/1.8 mai araha da katin ajiya da batir na biyu. Jarumi ya yi murmushi irin na sarauta. Batir na biyu ai na matsorata ne, waɗanda ba su yi imani da wutar lantarkin ƙasarmu ba.

Madalla da mai shagon da ya gane ɗan babban gida tun daga bakin ƙofa, ya ce masa, "Yallaɓai, ai kyamara ce ke yin hoto." Irin wannan nasiha ta yi ƙaranci a kasuwa.

Tawali'unsa kuwa ya wuce misali. Tun ranar farko ya kafa ta a kan Auto, ya miƙa wa na'ura ragamar mulki, bai wulaƙanta kansa da koyon buɗewar gilashi ko saurin ƙiftawa ko ISO ba. Littafin bayanin yana nan cikin ledarsa sabo fil, an adana wa magada. Ga jarumta, a tsakiyar hunturu yake kwance gilashi a fili, fuskar kyamara na kallon sama, domin ƙurar Sahara ma ta samu masauki, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto kamar hatimin fada.

Sai tausayin masu hoton zamanin baya ya kama mu. Bawan Allah J.D. 'Okhai Ojeikere da 'yar akwatin Brownie D ya fara a 1950, ya ƙare yana bin kitson matan Najeriya tun daga 1968 har hotuna suka kai wajen dubu. Malick Sidibé na Bamako shi ma Brownie ya saya a 1956, ya yi ta wahalar karantar haske da fuskokin mutane, sai a 2007 aka lallashe shi da lambar Zakin Zinariya a Venice. Shekara hamsin da ɗaya yana jira! Gwarzonmu ya tsallake wannan duka da rasit guda.

Ranar ɗaurin aure aka ga aiki. Ya jera manyan baƙi da tsakar rana, inuwar hula ta rufe idon kowa, farar shadda ta ƙone ta koma takarda, falwayar lantarki ta tsiro daga kan waliyyi. Ango dai daga gira ya fara, amma zaren aikin wuyan rigarsa ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, abin da wayar ƙanen amarya ta kasa, ita da ta tsaya ga fito da mutane cikakku suna dariya.

Mai rance ya fara sallama a ƙofar gida, gyatuma na tambayar adashinta. Hasken masu hoto kuwa, mai hangen da ya wuce na tsara, tuni ya gano bakin zaren: kyamarar ce ta tsufa. Yanzu haka yana tambayar farashin R5 Mark II ta 2024, yana kuma auna filin gado da ido.