Bargon Ƙyalle da Masu Taɓe Baki

Ai na san ku. Da jin an ce bargon ƙyalle kun fara taɓe baki, wai da tsumman tela za a lulluɓa. Hajiya har ta gyara ɗauri ta ce ita Allah bai kai ta nan ba. To ranki ya daɗe, buhun nan da ke ƙarƙashin keken telanki, kuɗin wa ke ciki? Yadi shida kika biya a Kantin Kwari, ba a rage miki ko sisi ba don gefe-gefen da za a zubar.

Malam kuma, mai cewa faci alamar tsiya ce, matso kusa. Ansaru, mayaƙan Mahadin Sudan, a shekarun 1880 jibba mai faci suke sawa da gangan, don nuna gudun duniya. Daga baya ma manyansu tsara musu facin ake yi, launi-launi. 'Yan Baye Fall na Senegal, mabiyan Shehu Ibra Fall, har gobe da rigar haɗe-haɗe ake gane su. Je ka kira su matsiyata, mu muna kallo daga nesa.

Ku kuma da ba ku yarda da abu sai Bature ya sa hannu, ga naku. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, mata baƙar fata jikokin bayi sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan gona, don sanyi kawai. A 2002 aka rataye bargunan a gidan baje kolin fasaha a Houston, daga nan New York, a 2006 kuma Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarki. Raina kama ke nan.

Aikin fa? Fara da wanki, Hajiya, kada ki tsallake. Akwai atamfa mai zuba, akwai mai tsukewa, gara kowacce ta nuna halinta tun a bokiti. Ki goge, ki ware. Leshi da kayan santsi su koma gefe, auduga da auduga ake haɗawa. Ki yanki kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ɗinki zai ci kwatan inci a kowane baki, don haka kowane yanki zai tsaya a inci huɗu da rabi. Jeri 16, kowanne mai yanki 12, wato yanki 192, zai ba ki bargo mai faɗin inci 54 da tsawon inci 72. Na ji wani ya ce "ɗari nawa?" Kai da ke kallon wasan Hausa mai dogon zango har kashi na ɗari, kai ne za ka tsorata?

Kafin allura ta shiga, a shimfiɗa su a tabarma, mai duhu kusa da mai haske, a ja baya a duba. Nan ne daɗin yake, nan ne kuma ake tuno tarihi: ga ankon bikin wance, ga rigar Sallar da aka yi rigima da tela a kanta. Sai a haɗa yanki-yanki zuwa jeri, jeri-jeri zuwa fuska ɗaya, ana bin ɗinkin da guga.

Ɗumin ba daga ƙyallen yake ba, daga hawa uku ne: fuskar a sama, tsohon bargo ko zannuwa biyu a tsakiya, zanen gado a ƙasa. A kama su da fil, a bi da dogon ɗinki daga tsakiya zuwa waje don kada ya tattare, a naɗe baki da siririn ƙyalle. Babu keke? Allura da zare sun isa, sai dai ya ɗau lokaci. Kusurwa ta ƙi haɗuwa? Wa zai zo da tocila cikin dare yana awo?

Malam, riƙe almakashin nan ka taya yanka. In ka ƙi, to hunturu na tafe, kada a ji ka da asuba kana jan gefe.