Giya Ce Ta Kayar Da Ni

Tun ina ɗan shekara tara nake hawan keke. Na babana ne, wani baƙin Rali mai kariya a baya, ya fi ni tsawo, sai na zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya ina tuƙi a karkace kamar kaguwa. Da shi nake kai niƙa, da shi nake ɗebo ruwa jarka biyu, duk a kan burjin nan na garinmu da kowane ɗan takara ke rantsuwa zai zuba wa kwalta in an zaɓe shi. Birkinsa kuwa ya rasu tun kafin a haife ni. Silifas ɗina ne birki: in na doshi gangara sai in danna shi a kan taya, in bar wa Allah sauran.

Da wannan tarihi na sauka a birnin Siyena na ƙasar Italiya, inda na je koyon Italiyanci na wata uku. Mai gidan da nake haya wani dattijo ne da ya haura saba'in, siriri kamar sillen kara, ina ce masa Baba. Wata ranar Juma'a a ƙarshen Satumba ya tambaye ni ko zan raka shi yawon keke a kan fararen hanyoyi, abin da suke kira strade bianche. Na ce wace irin hanya ce fara? Ya ce wadda ba kwalta, tsakuwa ce da ƙura, ta ratsa gonakin inabi na yankin Kiyanti.

Na yi dariya har da dukan cinya. Na ce, "Baba, ai a kan irinta aka yanke mini cibiya."

A nan ya ba ni labarin da ya ɗaure mini kai. A 1997 wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ya tara mahaya 92 a ƙauyen Gaiole, suka fara wani hawan keke da ake kira L'Eroica, kuma ɗaya daga cikin manufofinsu shi ne kada gwamnati ta zuba wa waɗannan hanyoyi kwalta. Yanzu dubban mutane ne ke zuwa daga ƙasashe daban-daban a farkon kowane Oktoba, a kan tsofaffin kekunan ƙarfe ƙirar 1987 zuwa baya, masu ƙarfin hali su yi kilomita 209 a yini guda. Tun 2007 ma har ƙwararrun 'yan tsere suna da gasarsu a kan burjin, su ƙare a dandalin tsakiyar Siyena. Wato abin da muke kai wa ciyaman kuka a kansa, nan kuɗin jirgi ake biya a zo a sha ƙurarsa. Abincin wani gubar wani.

Washegari muka biya shagon hayar keke. Aka fito mini da wani mai kai kamar ƙahon rago, tayoyinsa masu ƙuraje, ba nauyi, da yatsa biyu na ɗaga shi. Yaron shagon ya fara bayani: giyarsa 22, kuma hannun birkin shi ne na canza giya, in ka matse ya tsaya, in ka tura shi gefe giya ta canza. Na ɗaga masa hannu, na ce ba a koya wa ɗan kada iyo. Ya miƙo mini wani matsattsen gajeren wando mai soso a mazaunai kamar kunzugun jarirai. Na ce a kai kasuwa, ni ɗan mutunci ne. Na hau da farar rigata da dogon wando, na cusa ƙafar wandon cikin safa. Hular kwano kaɗai na karɓa, ita ma don Baba ya ɓata rai ne.

A mota, kan hanyarmu ta zuwa Gaiole, na tambayi Baba yanayin hanyar. Ya ce, "Mangia e bevi." Italiyancin nawa ya kai in gane wannan: ci ka sha. Na ce alhamdu lillahi, ashe walima za mu. Saboda haka ban karya da komai ba sai kofi a wani ɗan mitsitsin kofi da bai fi murfin kwalba ba, na bar ciki fili. Sai da muka yi tudu na uku na fahimci cewa a bakin mahaya keke na ƙasar, ci ka sha na nufin hau ka gangara, hau ka gangara, babu miƙaƙƙen wuri ko na shimfiɗa sallaya.

Tudun farko na gaske shi ne na gidan sarautar Brolio, farar hanya mai lanƙwasa tsakanin dogayen bishiyoyi masu tsini kamar masu. Na tura hannun giya don in samu sauƙi, feda ta ƙara tauri. Na sake turawa, ta zama kamar ina taka turmi. Baba kuwa yana gefena, ko haki ba ya yi, yana ba ni tarihi. Wai mai gidan nan, Bettino Ricasoli, shi ya gaji wani Cavour a kujerar firaministan Italiya a 1861, kuma a 1872 shi ya rubuta yadda za a haɗa nau'o'in inabi a yi abin shan da yankin ya yi suna da shi, mafi yawa daga wani inabi da ake kira Sangiovese. Ni dai ba abin da nake ji sai bugun zuciyata a cikin kunne. Wata tsohuwa mai furfura ta zo ta wuce ni a kan nata keken, har da yi mini barka da hantsi. Na so in amsa, numfashi ya ce ba da shi ba. A lokacin ne kuma sirdi ya fara sanar da ni amfanin wandon da na raina.

Da muka kai sama na hango allo a bakin hanya da hoton baƙin zakara. Cikina ya yi ƙugi. Na ce, "Baba, ga mai kaji can, mu tsaya." Dariya ta kusa kayar da shi. Ashe tambarin masu gonakin inabi na Kiyanti ne, kuma yana da tatsuniya. Wai a zamanin da Fulorens da Siyena ke rigimar iyaka, aka shirya kowane gari ya saki mahayin doki da carar zakara, inda suka haɗu nan ce iyaka. Mutanen Siyena suka cika wa farin zakaransu ciki, ya yi barci ya more. Na Fulorens suka bar baƙin nasu da yunwa, ya yi cara tun dare bai raba ba, mahayinsu ya cinye kusan duk ƙasar, sai a Fonterutoli, dab da Siyena, suka gamu. Baba ya ce, "Ka gani, ɗana, mai yunwa shi ke cin nasara." Na ce to ni tawa yunwar wace ƙasa za ta ci mini?

Sai gangara. Nan na ce yau Baba zai san ɗan wa ya ɗauko. Na sake keke, iska na kaɗa mini riga, farar ƙura kamar alli na tashi a bayana. Ina jin muryarsa daga nesa yana cewa a hankali, a hankali. Can na faɗa gargada, haƙorana suka fara kaɗa kalangu, ga kwana a gabana cike da sakakkiyar tsakuwa. Na kai hannu birki, na tura shi gefe, giya ta yi ƙaras ta canza, keke ya ƙara mai. Ƙafata ta tuna aikinta na da, ta tafi neman taya da silifas ɗin da babu shi. Daga ƙarshe na damƙe hannun hagu da duk ƙarfina. Birkin zamani ba ya shawara. Keke ya tsaya cak, ni ban tsaya ba.

Na bi ta saman ƙahon rago, na tsallake wata 'yar waya, na sauka da ƙirji cikin kwandunan roba cike da baƙin inabi, don lokacin girbi ne. Na miƙe ina salati, na kama wayar nan don in daidaita tsayuwa. Wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har ƙeya, na koma cikin inabin da baya, domin adalci ya game rigar. Wayar lantarki ce da manoma ke kewaye gonaki da ita saboda aladun daji da barewa masu cinye musu amfani. An kafa ta don alade, ta samu ɗan mutunci.

Masu girbi suka yo kaina da almakasai a hannu. Da suka ga ba karaya, sai dariya. Mai gonar ya zaunar da ni a inuwar rumbunsa, kusa da manyan gangunan katako, ya kawo kwalba ya ce in kurɓa hankalina ya dawo. Na dafa ƙirji na ce na gode, ni Musulmi ne, ruwa nake so. Bai ja ba, ya kawo ruwa mai sanyi da man zaitun da burodin yankinsu wanda ba a sa masa gishiri. Ashe dai akwai ci ka sha, sai dai sai ka faɗi ake ba ka.

Ina cikin ci waya ta yi ƙara. Hajiya ce, kiran bidiyo. Da na san abin da zai biyo baya da ban ɗauka ba. Ta ga ɗanta a zaune a ƙasa, ido ja saboda ƙura, riga jawur, ganguna a baya, kwalba a gefe.

"Inna lillahi! Me ya same ka?"

"Ba komai Hajiya, faɗuwa na yi. Giya ce ta kayar da ni."

Shiru. "Me ka ce?"

"Ban saba da irinta ba ne, ta yi mini yawa. Har 22 ce fa."

"Ashirin da biyu! Kai kaɗai?"

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. "A'a Hajiya, wallahi ba wannan ba, giyar keke!"

"Au, har keken ma?" Ta kashe waya.

Kafin magariba na samu saƙon murya na minti tara daga Kawu Liman, da ayoyi da hadisai. Na aika hoton keke, na zagaye haƙoran giyar da jan layi, ba wanda ya amsa.

Bayan na dawo gida, na je gai da mai unguwa, na tarar ana ta ƙorafin burjinmu da har yau ba a zuba wa kwalta ba. Na gyara zama na ce, ranka ya daɗe, kada a yi gaggawa, a Italiya kuɗi mutane ke biya su hau irin wannan hanya, har ƙungiya suka kafa don a bar ta yadda take. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ga na kusa da shi, ya rage murya, ya ce, "Ashe bai daina ba."