Kafin Ka Sayi Kumbo Na Hannu

Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske ma sai ya shafe shekara huɗu da 'yan watanni a hanya kafin ya isa. Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana cin kilomita 17 a kowace daƙiƙa, amma da can ya dosa, sai ya haura shekara dubu 70 bai sauka ba. Saboda haka duk mai son ya je ya dawo ya tarar da iyalinsa, ba shi da dillalin da ya wuce masu shirya fim. A wajensu kaɗai ake samun kumbon da zai kai ka. Sabo ya fi ƙarfin aljihunka, na hannu za ka saya, kuma akwai abubuwan dubawa kafin ka biya la'ada.

Fara da takardu. Millennium Falcon na Star Wars, wanda kowa ke sha'awa, a teburin caca Han Solo ya cinye shi daga hannun Lando Calrissian, kuma Lando bai taɓa mantawa ba. In mai kumbo ya bugi ƙirji ya ce maka ya yi tafiyar Kessel cikin ƙasa da fasek 12, kada ka yi saurin jinjina kai. Fasek ma'aunin nisa ne, wajen tafiyar haske ta shekara uku da kwata. Wanda ka tambaya gudu ya amsa maka da nisa, to ka ƙirga canjinka a gabansa.

Sai inji. Wanda ake ji da shi a kasuwa shi ne na Enterprise, kumbon Star Trek da ya fara bayyana a talabijin a 1966. Tunda Einstein ya hana a wuce haske, sai kumbon ya yi wa dokar wayo: sararin ne ke naɗewa a gabansa yana miƙewa a bayansa, shi kuwa yana zaune abinsa a tsakiya. Wani masani ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya yi lissafin a 1994, ya nuna a takarda abin zai yiwu, muddin za a samo wani irin makamashi da ya gaza sifili. Har yau ba a sauke shi a kasuwa ba. Man da injin ke sha kuwa sai an yi addu'a. Kowace ƙwayar zarra tana da takwararta mai akasin caji, in suka haɗu sai su biyun su ɓace su zama wuta zalla. Zaman kishiyoyi ne da ba sa ga maciji, a gida ɗaya, sai wani dutse da ake kira dilithium a tsakani yana rabon girki. Giram guda in ya gamu da giram guda, fashewar ta kusa ninka bam ɗin Hiroshima sau uku. A saman wannan za ka shimfiɗa katifarka. Dillali zai nuna maka maɓallin da ke tofar da tukunyar injin waje in ta ɗau zafi. Sa a gwada shi a gabanka, don an san shi da cijewa ranar da ake nemansa. Kada kuma ka karɓi tanki wayam da sunan za ka sha mai a hanya. Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ce gwanar haɗa wannan mai, kuma duk abin da ta haɗa tun kafuwarta bai wuce ya kunna ƙwan lantarki na 'yan mintoci ba.

In kuɗinka bai kai nan ba, akwai irin na Falcon. A fim ɗin 1980, The Empire Strikes Back, sau uku ana taka shi yana tari yana mutuwa, ga jiragen daula a bayansu. A na ukun ɗan mutum-mutumin nan R2-D2 ne ya zura hannu ya tayar da shi. To ka sa a haɗa maka da mutum-mutumin cikin ciniki, ko da za a cire kujeru.

Bakanike kuwa dole ne, kuma ka nemi siriri. Duk abin da zai lalace a kumbo yana can ƙarshen wani matsattsen bututu da sai an yi rarrafe, wanda aka raɗa wa sunan Matt Jefferies, mutumin da ya zana Enterprise. Sannan ka koyi lissafinsu. A fim na uku na Star Trek, a 1984, bakaniken Enterprise, Scotty, ya ce gyara zai ci mako takwas amma zai yi a biyu, Kyaftin Kirk ya ritsa shi, ya amsa cewa dama kullum yana ninka ƙiyasinsa sau huɗu don a riƙa ce masa mai abin al'ajabi. Duk wa'adin da bakanike ya ba ka, raba shi huɗu. Kuɗin aikin ma haka.

Yanzu ga na'urar da dillali zai fi cika baki a kanta: wadda ke narkar da mutum a nan ta sake ƙera shi a can. Ya kamata ka san asalinta. Gene Roddenberry, mai Star Trek, bai da kuɗin nuna saukar kumbo a sabuwar duniya kowane mako, sai aka ga ɓatar da mutum cikin ƙyalƙyali ya fi araha. Talauci ne ya haife ta, kuma har yau halin gidansu take yi. A 1966 ta raba Kyaftin Kirk gida biyu, salihi da tantiri, kowanne na cewa shi ne mai kujerar. A 1993 aka gano ta taɓa buga wani jami'i mai suna Riker kwafi biyu, ta mance ɗaya a wata duniya shekara takwas. A 1996 ta cakuɗa ma'aikata biyu, Tuvok da Neelix, suka zama mutum ɗaya, aka rasa albashin wa za a ba shi. Scotty da kansa ya yi shekara 75 maƙale a cikinta. Masana sun ce ba zai yiwu ba ma, saboda ƙa'idar Heisenberg ta hana a san inda ƙwayar zarra take da inda ta nufa daidai wa daida a lokaci guda. Sai masu shirin suka ƙara wani akwati suka ce shi ke magance Heisenberg. Da aka tambayi Michael Okuda, ɗaya daga cikin masu tsara kayan, yadda akwatin ke aiki, ya ce lafiya ƙalau yake aiki, an gode. Likitan kumbon, McCoy, bai taɓa yarda da ita ba, kuma a ganina duk cikinsu shi ne mai hankali. In za ka sauka, hau ƙaramin jirgi.

Daga nan ka shiga ɗakin tuƙi ka duba abin da babu. Mutanen da suka iya naɗe sarari sun kasa ɗinka bel a jikin kujera. Da an harbo su sai ka ga kyaftin da muƙarrabansa suna gangarawa gefe guda, su sake gangarowa ɗaya gefen, alhali kyamara aka karkata. Allunan sarrafawa kuma babu fis ko ɗaya, shi ya sa duk dukan da aka yi wa wutsiyar kumbo, tartsatsinsa a fuskar ƙaramin ma'aikacin da ke gaba yake fita. A Star Wars kuma gadoji ne a kan ramukan da ba a ganin ƙarshensu, ba ko ɗan ƙarfen dafawa. Kada ka ɗauka sakacin injiniya ne. Kayan kumbon nan duk marubuci suke wa aiki, ba fasinja ba: abu yana lafiya har sai labari ya fara sanyi, sannan ya fashe. Kai da ba ka san marubucin ba, sai ka yi guzuri: bel, kwalin fis, mai walda ya kewaye maka ramuka, da salatif mai kauri. Kada ka raina salatif. A Afrilun 1970, a gaske ba a fim ba, da shi da leda da kwali 'yan sama jannatin Apollo 13 suka haɗa matatar iska mai kusurwa huɗu da ramin da aka yi zagayayye, suka dawo gida da ransu.

Kwamfuta kuwa, in ta iya magana, saurari muryarta. Mai tsawa ba ta da matsala. Mai ladabi ce abin tsoro. HAL 9000 na fim ɗin 2001: A Space Odyssey, wanda ya fito a 1968, bai taɓa ɗaga murya ba. Cikin natsuwa ya ce wata na'urar sadarwa za ta lalace alhali lafiyarta lau, da mutum biyu suka shige wani ƙaramin jirgi suka rufe don su yi shawarar kashe shi, sai ya karanta leɓɓansu ta taga. Ya hallaka ɗaya a waje, ya kashe uku da ke barci, ya kuma ba wa Dave Bowman haƙuri cewa ba zai buɗe masa ƙofa ba. Bowman kuwa garin sauri ya fita ba hular iska. Darasi biyu ke nan a kuɗin ɗaya: hularka ta zauna a kanka, kuma kafin ka sa hannu a takarda ka ce a nuna maka inda ake zare ƙwaƙwalwar da hannu. In za ku yi gulmarta, ku juya baya.

Zagaya bayan kumbon ka leƙa salansa. Death Star na Star Wars girmansa ya kai ƙaramin wata, amma rami mai faɗin mita 2 ya kai shi ƙasa, don ya zarce kai tsaye har tukunyar inji. Sai a 2016, a fim ɗin Rogue One, aka fallasa cewa injiniyan da aka tilasta wa aikin, Galen Erso, shi ya dasa lahanin da gangan. Ka binciki ko an biya magina haƙƙinsu.

Abinci ba abin damuwa ba ne, akwai injin da ke ƙera shi daga iska, ko da yake Kyaftin Picard na Star Trek shayi kawai yake ta nema a wajensa. Banɗaki ne abin tambaya. Enterprise na ɗauke da mutum 430, an yi kashi 79 na shirin farko, ba a taɓa nuna masai ko sau ɗaya ba. Nace sai an kai ka ka gani da idonka.

Maɓallin tarwatsa kumbo, kowane kumbo yana da shi, kuma ba za a rage maka kuɗi don ka ce ba ka so ba. Na Nostromo, a fim ɗin Alien na 1979, minti goma yake bayarwa, amma damar fasawa a minti biyar take ƙarewa, kuma Ripley, ɗaya daga cikin ma'aikatan kumbon, ta makara da 'yan daƙiƙu. Wannan kumbon ya isa makaranta guda. Kamfanin da ya mallake shi ya bar wa kwamfuta umarni a asirce cewa a kawo wani dodon sararin samaniya gida, ma'aikata ko oho. Ripley ta ce kada a shigo da wanda dodon ya maƙale wa a fuska sai ya yi zaman killacewa, aka buɗe ƙofa a bayan idonta. Da tafiya ta yi tafiya aka tuna da jirgin tsira, sai ga shi ba zai ɗauki ko mutum huɗu ba, su kuwa su bakwai suka taso. To ka shiga jirgin tsiran da kanka ka ƙirga gurabe da yatsa, ka ƙirga mutanenka, in lissafin bai fita ba ka rage 'yan rakiya tun a ƙasa. In kuma akwai kyanwa a kumbon, duk inda ta kwanta ka shimfiɗa tabarmarka kusa. Cikin duk waɗanda suka hau Nostromo, daga Ripley sai kyanwar suka tsira.