Burodin da Ke Kwana a Firij da Mutanensa

A Amurka akwai wani cin abinci na ranar Lahadi wanda ya makara ga karin kumallo, ya kuma yi sammako ga abincin rana. Daga wajen ƙarfe goma zuwa biyu ake zaman sa, mu kira shi kalacin hantsi. Wani marubuci ɗan Ingila, Guy Beringer, shi ya yi maƙala a 1895 yana roƙon a ƙirƙiro shi domin waɗanda suka raba dare ranar Asabar su samu su rama barci. Amurkawa suka karɓe shi hannu bibbiyu. A gidaje da yawa abin da ke zaune a tsakiyar teburin shi ne gashin burodi irin na Faransa, wanda aka cusa wa ƙananan 'ya'yan itatuwan nan nasu masu ɗan tsami: buluberi, rasberi da sitroberi.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Ka samu burodin da ya kwana ya ɗan bushe, ka yanka shi gutsu-gutsu, ka cika faranti mai zurfi mai inci 9 da 13. Ka kaɗa ƙwai kamar takwas da madara kofi biyu, da sukari, da kirfa, da ɗigon banila, ka kwarara a kai, ka watsa 'ya'yan itacen, ka rufe ka ajiye a firij ya kwana. Da safe a shiga da shi tanderu a kan digiri 350 na ma'auninsu, wato wajen 180 a namu, na minti 45 zuwa 50. In ya fito a ƙyale shi ya huta minti goma. Iyakarta ke nan. Jira ne kawai girkin ke nema daga wurin mutum, kuma a nan ake ganin halin kowa.

Akwai mai shiri tun shekaranjiya. Ita ranar Juma'a take sayen burodin, irin mai man shanu da ƙwai da ake kira biriyosh, ko kuma burodin Yahudawa mai kitso, ta yanka ta shanya a kan tire domin ya sha iska. Daren Asabar ta jiƙa, ta danna da bayan cokali har kowane gutsure ya nutse, ta liƙa takarda a jikin firij cewa kada kowa ya taɓa. Nata kullum yana yin kyau, ciki laushi, sama ƙamas-ƙamas. Abin da ke ɓata mata lada shi ne ba ta bari ka ci cikin kwanciyar hankali. Loma ɗaya za ka kai, ta ce maka ai duka-duka minti goma ya ɗauke ta, tana kallon idonka domin ka musa. In ba ka musa ba ta ji haushi.

Kishiyarta ita ce 'yar "ai duk ɗaya ne". Wannan sai baƙi sun bugo waya cewa sun kamo hanya take tunawa ta yi alkawari. Burodin da ke hannunta sabo ne fil, mai laushi, irin na leda, wanda da ya ga madara zai narke. Ƙwai huɗu suka rage, ta ce ai duk ɗaya ne. Babu kirfa, ta zuba citta. Kwana a firij kuwa ta mayar da shi minti biyar a kan tebur. Sannan ta yi lissafin da ya halaka girki da yawa: in digiri 350 na buƙatar minti 50, ai 450 rabin sa'a ya isa. Sai ya fito sama baƙi ƙirin, ciki kuwa ruwan ƙwai na kwance tsamo-tsamo. Ba ta taɓa zargin kanta ba. Ta ce wanda ya rubuta yadda ake girkin ne bai iya ba.

Sai mai leƙe, wanda ke buɗe tanderu kowane minti uku ya ga ko ya yi. Duk buɗewa zafi na fita, shi kuma yana mamakin me ya hana abin nuna.

Mai buɗaɗɗen hannu da 'ya'yan itace laifinta na ƙauna ne. An ce kofi biyu, ta ga kamar rowa ce, ta juye leda guda ta daskararru, ta kuma bari suka narke tukuna kafin ta cakuɗa. Da ta zuba su da ƙanƙararsu a sama da babu matsala. To ruwansu ya bi burodin lungu-lungu, ya fito shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Yara kan tsaya daga nesa suna kallo. Ɗanɗanon bai lalace ba, gaskiya, sai dai ka rufe ido.

Amma gwarzon wannan fage shi ne maigidan Ranar Uwa. Tun 1914 Amurka ta tsayar da Lahadi ta biyu a watan Mayu domin girmama iyaye mata, kuma al'ada ta ɗora wa maza da yara girkin wannan safiya. Mutumin da shekara guda bai san inda gishiri yake ba, ranar zai ɗaura ƙyallen girki ya hana matarsa saukowa. Daga ƙasan bene yake ƙwala mata kira yana tambayar inda aka ajiye maburgi, da wane faranti ne mai inci 9 da 13, da ko hayaƙi na cikin tsarin. Ita tana kwance a sama an ce ta huta, tana jin ƙarar kowane kwano ta san wanne ne ya faɗi. Shi ne kuma mai ciro farantin gilashi daga firij da sanyinsa ya jefa cikin tanderu mai zafi, alhali gilashi ba ya son sauyin zafi farat ɗaya, yana iya tsagewa. In Allah ya tsare abin ya fito lafiya, zai yi wata uku yana ba da labari a wurin aiki. Kwanuka goma sha da ya ɓata kuwa suna nan jibge, suna jiran wadda ake girmamawa.

A farkon 2025, lokacin da murar tsuntsaye ta sa farashin ƙwai dozin ɗaya ya haura dala 6, wani sabon iri ya ɓullo: mai ƙirga ƙwai. Yana tsaye a bayan mai girki, kowane ƙwai aka fasa sai leɓensa ya motsa.

A kan tebur kuma akwai malamin zuma. Ba zumar ƙudan zuma ba, ta bishiyar mefil da suke tsiyayawa a kan gashin. Da an ajiye kwalba zai juya bayanta ya karanta, in ya ga ta ruwan masara ce da aka yi wa ƙamshi sai ya girgiza kai yadda kowa zai gani. Daga nan karatu ya tashi. Sai an tafasa wajen lita 40 na ruwan bishiyar kafin a samu lita ɗaya. Lardin Kebek na Kanada shi ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na ta duniya. Har rumbun ajiya suke da shi, kuma tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka yashe kusan tan 3,000 daga ciki, suna cika gangunan da ruwa. Labarin gaskiya ne, yana da daɗi ma a karon farko. Matsalar ita ce duk Lahadi sai ya maimaita, kuma in ba a tare shi ba zai gangara har zamanin Rumawa, ya gaya maka a littafin girkinsu na Apicius ma akwai burodin da ake jiƙawa da madara a soya a zuba zuma. Kafin ya gama, rabonsa ya huce, ya ce girkin bai yi zafi ba.

Ni dai wadda na fi tsoro ita ce mai rage ƙiba. Ba ta karɓar yanka. Sai ta ce a'a, ɗan gefen nan kawai, ta sa wuƙa ta shafci wani siriri daga kusurwa, inda sukari ya ƙone ya yi ƙauri mai daɗi. Jim kaɗan ta ga layin bai miƙe ba, ta gyara. Ta sake gyarawa. Kusurwa huɗu ne da farantin, duk ita ke gamawa da su, ta tsince ɓawon sama, ta bar wa jama'a tsakiya tsirara. Da aka tashi kuma ita ce mai cewa ba ta ci komai ba, kuma a zuciyarta ta yarda da hakan, tunda ba ta ɓata faranti ba.

Sai namu, kawun da ya zo ganin jikoki a Niyok ko Hustan, aka shirya wannan gashi domin a burge shi. Ya yi asuba, ya yi lazimi, ya zauna tun ƙarfe bakwai yana sauraron motsin kicin, ba a kira shi ba sai sha ɗaya. Tambayarsa ta farko a kan 'yar baƙar kwalbar banila ce, domin wani ya tsegunta masa cewa da giya a ciki. Bai yi ƙarya ba, dokar Amurka ta ce tsantsar ruwan banila sai da barasa aƙalla kashi 35 cikin 100. Matar ɗansa ta durƙusa ta nuna masa tata kwalbar.

"Baba, wannan marar giya ce, takanas na nemo ta."

"To madalla, Allah ya yi albarka."

Ya yi bisimilla, ya ci yankansa tas, ya tsince buluberin ya tara a gefe domin tsaminsu bai yi masa ba. Ya sha shayi, ya yi hamdala, ya yaba ƙwarai. Sannan ya gyara zama, ya karkata wajen ɗansa ya rage murya don kada surukarsa ta ji:

"Kai, wannan alawar ta yi daɗi. Abincin fa, sai an jima?"