Gayyar Microsoft ta iso Kunci

A yaba wa kamfanin Microsoft, don samun mai kyauta irinsa sai an tona. Tun watan Oktoba na 2014, da ya buɗe shirin Windows Insider, kowa na iya sauke Windows tun tana ɗanya, ko sisi ba zai biya ba. A shekarar ce kuma ya sanar da sallamar ma'aikata 18,000, har da masu gwajin manhaja. Ai da gaskiyarsa. Me zai yi da masu jiran albashi, alhali ga mai shagon buga takardu a Kunci yana rububin yi masa aikin don Allah? Gayya ce, sai dai a tamu mai gona kan dama fura, a wannan kuwa ɗan gayya ne ke zuwa da fetur da data.

Dubi irin hutun da Windows ɗin gwaji ke kawowa. Da an loda ta, sai firinta ta yi gum, na'urar ɗaukar hoton yatsa ta bi sahu, saboda direbobinsu, wato 'yan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane kayan da aka jona mata, ba su san wannan baƙuwa ba. Janareto na ta ruri, masu takardun makaranta sun yi layi, shi kuwa gwanin ya samu sararin yin tafakkuri.

Inda hikimar ta kai ƙarshe shi ne direban Wi-Fi. Idan ya ɓace, maganin mai sauƙi ne: ka hau intanet ka sauko da wani. Da wace intanet? Wannan tambayar marasa wayewa ce. Sai a hau babur a nufi Bichi da filashi a aljihu, in ba a dace ba a zarce Kano, titin Beirut, inda mai gyara zai taya ka murnar cewa kamfanin da ya ƙera tsohuwar kwamfutarka ya daina yi mata direba tun kana firamare.

Karramawa ma ba a bar ka a baya ba. Kwamfutar talakawa idan ta faɗi, shuɗin allo ta saba nunawa. Taka kore za ta nuna, don a san kai ɗan gida ne. An kuma ba ka kwana 10 cur ka koma tsohuwar Windows, in ka tuna.

Kada ka ce ba a jin kokenka. A 2018 'yan gwaji sun kai rahoton cewa sabon zubi yana goge wa mutane fayiloli. Aka karɓa da hannu biyu, aka saki zubin ga duniya a watan Oktoba, ya goge, sannan aka janye shi bayan 'yan kwanaki. Ka ci gaba da aika rahoto, Malam, da zarar sabis ya dawo.