Kular Gwaggo Ta Hau Kufena

Har yau kafaɗata ta dama ba ta koma daidai ba, kuma ba wani aikin lada na yi da ita ba. Kula na ɗauka. Asabar ɗin nan dangi suka ce a kai yara shan iska Dutsen Kufena kafin a koma makaranta. A zauren WhatsApp na gida aka kafa doka: ƙarfe bakwai na safe mota za ta bar Kaduna, wanda ya makara ya biyo a ta haya. Wanda ya rubuta dokar shi ya iso sha ɗaya saura, yana sakace haƙori, yana tambayar me ake jira.

Kula ake jira. Ba irin 'yar ƙaramar da ake kai wa majinyaci asibiti ba. Ta Gwaggo ce, wadda ba ta fitowa sai biki ko sadakar arba'in. Mutum biyu ke kama ta, na uku yana ba da umarni. An danƙara mata dafa-duka, an jera kaji a sama, an rufe, an ɗaure murfin da tsohon ɗankwali. Da aka zo sa ta a but, Gwaggo ta ce sam, ba a ajiye abinci inda ake ajiye taya. Sai kula ta samu kujerar gaba, aka ɗaura mata bel. Kawu, dattijon da ya yi wa gwamnati aiki har ya yi ritaya da mutuncinsa, ya koma baya ya ɗora jikoki biyu a cinya. Duk ramin da muka faɗa daga Kawo zuwa Jaji, babu wanda ya tambayi lafiyar yara. Abin da kawai ake ji shi ne, “Direba, a hankali, shinkafa!” Jami'in da ya tsayar da mu a hanya ya leƙo, ya ga wadda ke zaune a gaba, ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya. Ina jin ya ɗauka babbar baƙuwa muka ɗauko.

Kaduna zuwa Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, amma sai da aka yi azahar muka karya kwana a Ɗan Magaji muka shiga Wusasa, saboda an tsaya sayen rake, an tsaya sayen tsire, an tsaya sayen awara, kowa yana cewa ɗan abin taɓawa ne kafin a ci abinci.

A gindin dutsen ne aka tuna cewa dutse hawansa ake yi. Mata sun sha leshi da takalmi mai tsini, maza shadda ta sha sitaci har tana ƙara. Rabin tawagar suka ɗaga kai suka dubi sama, suka ce ai daga nan ma ana ganin komai, aka shimfiɗa musu tabarma. Gwaggo na cikinsu, gwiwa ta hana. Amma kula dole ta hau, don an ce a saman dutse za a ci abinci, kuma Gwaggo ba ta son magana biyu. Ni da ɗan yayata aka ɗora wa. Muna hawa tana kira a waya: “Ɗan nan, kada ka karkata ta, mai zai zubo.” Ba ta ce kada ka faɗo ba.

Kawu kuwa, da sandarsa kaɗai a hannu, ya ga lokacin darasi ya yi. Yana gaba yana bayani cewa nan ne mazaunin sarautar Zazzau bayan Turunku, kafin a koma birnin Zariya, ga labarin Sarauniya Amina da ganuwarta, ga tsohon cocin Wusasa na ƙasa da aka gina a 1929, ga unguwar da Janar Gowon ya tashi. Duk gaskiya ne. Sai dai ban taɓa jin inda aka ce mayaƙan Amina sun hau dutsen nan da kaji goma sha biyu a kafaɗa ba, kuma da an sa su, da tarihin Zazzau ya gajarta.

Muka isa sama, aka kwance ɗankwali, tururi ya tashi. Babu ludayi. Babu faranti. Suna ƙasa, Gwaggo ta jingina da buhunsu. Ko da suna nan ma, tsire da awara sun riga sun gama aiki. Aka mayar da murfi. Ga Zariya shimfiɗe a ƙasa, gonaki har iyakar gani, iska mai daɗi, amma kowa ya juya wa wannan duka baya yana ɗaga waya, yana tsuke baki. Hoton da ya fi samun yabo a zauren gida, kular ce a tsakiya, yara sun kewaye ta kamar amarya.

Abin da ya ɓata mini rai na gaske ba kafaɗa ba ne. Duk lungun da ka leƙa a saman nan, ledar fiya-wata ce, robar lemo, ɓawon rake, har da ƙunzugun yara an cusa a tsagin dutse. Wani ya sayi fenti da kuɗinsa, ya hawo da shi, ya rubuta sunansa da na budurwarsa da lambar waya. Mutanen da ke dawowa daga Umara suna ba mu labarin tsabtar titunan Madina su ne waɗannan. Da na ce yara su tattara namu, wata yaya ta ce, “Bar shi, iska za ta kwashe.” Ta kwashe ta kai gonar wa?

Kuma tunda an taɓo maganar 'yan'uwa, a bar ni in yi ta kuɗin mai. An ce kowane gida ya kawo dubu goma. Waɗanda suka biya sun zo da yaro ɗaya ko biyu. Wanda ya turo “in sha Allah zuwa anjima” ya zo da mata biyu, 'ya'ya tara, da ɗan maƙwabci. Shi ya fi kowa ƙorafin mota ta yi zafi. Shi ya ce an yi rowar lemo. Da kula ta sauko da nauyinta yadda ta hau, matansa suka fito da ledoji daga jaka, sababbi fil, a ninke, alamar tun daga gida aka yi shiri. Kajin da suka karya ni a gidansa suka kwana. Jiya ya rubuto cewa gishiri ya ɗan yi yawa.

Yanzu an fara maganar zuwa Tiga a hutun Babbar Sallah, Gwaggo kuma ta ce ta ari kula ta biyu. Duk mai ɗan'uwa da ke da a-kori-kura, don Allah ya yi mini magana da wuri.